Man Shanu a Injin Iskar Tudun Aduwa

A yau, in injin iska ya fara ciwo, na'ura ce take fara sani kafin mutum. Bara waccan na ziyarci wata gonar injinan iska a ƙasar Senegal, inda na koyi aikin tun ina saurayi. Na tarar da wani injiniya zaune a ɗaki mai sanyi, yana nuna mini wani layi mai hawa da sauka a allo, yana cewa rulman inji na bakwai, wato zoben da sandarsa ke juyawa a ciki, zai gaji kafin damina. Bai hau injin ba, bai ko taɓa shi ba. Mu a zamaninmu kayan bincikenmu ido ne, da tafin hannu, da kunne, da sandar ƙarfe mai tsawon kamu biyu, da ɗan mayen ƙarfe a aljihu. Kun ce in ba ku labari ɗaya daga cikin aikin, ku da kuka gaje mu. To, akwai wata Alhamis da har yau ba ta fita raina ba, ranar da na ɗaure injin Tudun Aduwa da igiya, sojoji suna kan hanya.

Lokacin babban fari ne na biyu, a tsakiyar mulkin soja. Na dawo gida ke nan bayan na yi aiki a Senegal da Muritaniya da kudancin Aljeriya, aka ɗauke ni a wani ɗan shirin ruwan sha na karkara wanda ya daɗe da rufewa. Biro ɗinmu, wato ofishinmu, yana Tasawa. A takarda ni ne shugaban masu duba injina, amma masu dubawar ni kaɗai ne da babur ɗina. Injinan ƴan kaɗan ne, a warwatse daga Kona har arewacin Mayahi. Tudun Aduwa ƙaramin gari ne a kan hanyar garin Sarkin Hausa, kuma injinsa ya fi kowanne aiki, domin rijiyoyin kewaye sun ƙafe, manoma da makiyaya duk a nan suke sha.

Ga wanda bai taɓa ganin irinsa ba: hasumiya ce ta ƙarfe mai ƙafa huɗu, ta fi doguwar giginya tsawo. A samanta akwai fukafukai uku, kowanne ya fi mutum biyu tsawo. Iska ta juya su, su juya sandar da ke bayansu, sandar ta juya dinamo, wutar dinamo ta sauka ta tayar da famfon da ke cikin rijiya, ruwa ya hau shato, wato babban tankin da ake ɗiba. Sandar nan tana kwance a cikin rulma, wani zobe mai ƙwallayen ƙarfe, kuma ƙusoshi huɗu ne ke riƙe da gidan rulman. Duk nauyin fukafukan a kansa yake. Abincinsa girisi ne. In ya rasa sai ya yi kuka, in aka ƙyale shi ya cinye kansa. A ƙasa akwai manibel, hannun da ake juyawa a naɗe wutsiyar inji domin ya kau da fuska daga iska.

Ƙa'idar aiki ita ce in duba kowane inji duk bayan wata biyu, in bar wa mai kula da shi gwangwanin girisi. A shekarar nan esansi, wato fetur, ya yi wuya, girisi kuma bai zo daga Maraɗi ba. Wata biyar na yi ban taka Tudun Aduwa ba.

Akwai kuma wani kaftin da aka ɗora wa rabon abinci da ruwa a yankin. Mutane Kumandan suke ce masa. Ranar da aka buɗe injin, ina tsaye, ya ce da bakinsa duk garin da ya bar inji ya mutu, maigarinsa ne zai amsa. A wancan zamani kowa ya san inda ake amsa irin wannan tambaya.

Ran Laraba shef ɗina, wato shugabana a wurin aiki, ya kira ni ya ce gobe da la'asar Kumandan zai kai baƙi Tudun Aduwa, za a raba hatsi a gindin injin. Ya ba ni takardar esansi ya ce, “Isuhu, je ka goge shi, ka tabbata yana juyawa lokacin da suka iso. Abin da nake so ke nan.”

Na isa da hantsi. Ƙarshen bazara ne, irin kwanakin da hadari ke haɗuwa a gabas kullum da yamma, ya aiko iska mai ƙarfi, ruwa bai sauka ba. Mata sun jera tuluna, shanu kuma suna tsaye a bakin kwami, ana ƙirga haƙarƙarinsu daga nesa. A gindin hasumiyar ana kafa rumfa, an kwaso kujeru daga lakwal, makarantar bokon garin. Injin yana juyawa a sama, shiru.

Tsarina a kowane inji mataki biyar ne: in tambaya, in duba, in ɗora tafi, in saurara, sannan in hau. Na fara da Sale, maƙerin garin, wanda muka koya wa kula da injin. Magidanci ne mai hankali, ba ya wasa da aiki.

“Sale, ya jikin abokin namu?”

“Lahiya lau, Mushe.” Haka suke kiran ma'aikaci irina, kalmar girmamawa ce daga Faransanci.

“Bai yi kuka ba? Ko sau ɗaya?”

“Kai ma ka ji shi. Lahiya lau.”

Ya amsa da sauri, idonsa a kan rumfa. Wata biyar babu girisi, kuma inji bai yi kuka ba. Wannan ne ya fara damuna.

Kowace ƙasa da abin da ke kashe mata inji. A bakin tekun Muritaniya gishiri ne, za ka ga ja-ja a kan ƙusa. A Aljeriya yashi ne, za ka ji shi yana ƙara kamar dutsen niƙa. Na zagaya hasumiyar ina neman irin waɗannan alamu ban samu ba. Sai na ga abin da ban taɓa gani ba a ko'ina: layin tururuwa a ƙafar gabas, wasu na hawa, wasu na sauka, har inda idona ya kai. Tururuwa ba ta cin girisi. In ta hau ƙarfe mai zafi har wannan nisa, akwai abinci a can.

Na ɗora tafina a ƙafar hasumiyar. Lafiyayyen inji rawar jikinsa ɗaya ce, sumul, kamar ka dafa cikin kyanwa mai barci. Wannan yana yi yana tsallakewa. Na ɗauko sandata, na kafa bakinta a jikin ƙarfen, na danna ɗaya bakin a ƙashin bayan kunnena, na toshe ɗayan kunnen. A ƙarƙashin gurnanin dinamo na ji wani bugu mai nauyi, ɗaya a kowane zagaye, kamar ana daka a gidan maƙwabta. Rulman da ke kuka yana da sauran rai. Wanda ya bar kuka ya koma bugu ya riga ya farfashe.

Na ja Sale bayan shato inda ba kowa.

“Me ka sa masa?”

Na ce masa ba na rubuta komai, ga littafina a aljihu. Sai ya tsuguna.

“Mushe, girisin ya ƙare tun sanyi. Na aika Tasawa sau biyu, ba amsa. Sai ya hwara kuka, har Sarkin Hausa ana cewa injinmu ya kusa mutuwa. Maigari bai iya barci. To, mu nan in amalanke ta yi kuka, ko gwangwaron rijiya, mai muke sa mata.”

“Wane mai?”

Kafin ya amsa sai ga Arɗo Jaɓɓi, shugaban makiyayan da suka sauka a bayan gari, dogon tsoho da sanda a kafaɗa. Ya ji ƙarshen maganar.

“Man shanu, Malam,” in ji shi. “Na matanmu. Wanga bawan nawa ya zo yana kuka ya hi injin, muka ji tausayinsa.”

“Kai ne bawa,” Sale ya ce, bai ɗaga kai ba. Fulani da maƙera ba sa barin wannan wasa ko a gidan makoki.

Na tambayi Arɗo da Fulatanci ina suka samu mai a shekarar da saniya ba ta cika ƙoƙo. Ya ce kowace ruga tana tara ɗan abin da ta samu, duk Juma'a a kawo wa Sale ƙwarya ɗaya. Yaransu sun daɗe ba su ɗanɗana ba. Ya faɗa da alfahari, domin a ganinsa sun ciyar da abin da ke shayar da su.

Ban iya yin faɗa ba. Na bayyana musu cewa man shanu yana rufe bakin inji na kwana biyu, sai zafi ya narkar da shi, ya wanke ɗan girisin da ya rage, ya riƙe yashi. Kukan da suka kashe shi ne kiran da injin yake yi mini.

Na juya manibel, wutsiya ta naɗe, fukafukan suka rage gudu. Nan da nan wurin ya yi tsit, mata suka ɗaga kai. Na ɗaura ɗamarar hawa na hau. Tun daga rabin hanya warin tsohon mai ya tare ni. A sama na kama fiffike ɗaya da igiya na ɗaure shi a jikin hasumiya, sannan na buɗe murfin rulma. Man ya koma baƙi yana ƙyalli. Na tsoma mayen ƙarfe, ya fito da gashin garin ƙarfe kamar bushiya. Daga cikin ƙusoshi huɗu, biyu sun karye, kawunansu ma babu. Na dafa tsakiyar fukafukan na tura. Abin da bai kamata ya motsa ko da kaurin gashi ba ya tafi yatsa biyu ya dawo.

A Muritaniya na taɓa ganin inda kan inji ya tsinke cikin iska. Fiffike ɗaya ya yi tafiyar da ta fi taku ɗari, ya sare bishiyar dabino gida biyu. Daga inda nake na duba ƙasa. Rumfar tana daidai ƙarƙashina, an fara zaunar da tsofaffi da mata masu goyo a gabanta. A gabas kuma sama ta fara yin duhu.

Da na sauko Maigari Lawali yana jirana, ya sa babbar rigarsa ta sallah.

“Malam Isuhu, mi ka yi muna?”

“Ranka ya daɗe, in ya ci gaba da juyawa zai faɗo.”

“Wata nawa yana juyawa bai hwaɗo ba? Ka sake shi har su zo su tahi. Awa biyu. Daga nan ka ɗaure shi shekara in kana so. Ɗana, ka dubi hurhurata. Ban taɓa kwana a hannun jandarma ba.”

Arɗo kuma ya tambayi abin da ya dame shi: ruwan shato zai kai yaushe? Na ce gobe da yamma. Ya ce sabon rulma fa? Na ce sai an nemo a Maraɗi, ko ma Yamai. Ya juya yana kallon shanunsa.

Zan gaya muku gaskiya, domin ku ma wata rana za ku tsaya a irin wurin nan. Na koma gindin hasumiya na kama tsani da niyyar hawa in kwance igiyar. Na ce a raina awa biyu ne, wataƙila iskar ba za ta zo ba, shef ya ce ya juya, ina da mata da ƴaƴa a Tasawa. Ƙafata tana kan matakin farko lokacin da wata tsohuwa ta zo ta shimfiɗa tabarmarta a inuwar hasumiyar, ta ce mini, “Sannu da aiki, ɗan nan, Allah shi tsare hawanka.” Na sauke ƙafata. Ban hau ba.

La'asar sakaliya suka iso, mota biyu da kamiyo, wato babbar mota, ɗauke da hatsi. Kumandan ya fito, gajere ne, da baƙin tabarau. Bai kalli maigari ba, sama ya kalla.

“Wa ya tsayar da shi?” ya tambaya da Faransanci.

“Ni ne, Kumandan.”

“Da iznin wa?”

“Ba da iznin kowa ba. Rulman ya farfashe, ƙusoshi biyu sun karye.”

“Jiya an ce mini lafiyarsa lau. Ka san abin da ake kira zagon ƙasa?”

Na san kalmar, na kuma san mutanen da aka kira da ita ba su dawo da wuri ba. Sojoji biyu suka matso bayana.

“Ina da baƙi,” ya ce. “Hau ka kwance shi.”

“Kumandan, in ka ba da umarni zan kwance. Amma kujerarka ce ta tsakiya a rumfar can, kuma a kanta zai fara sauka. Kada ka yarda da maganata. Ka sa mutuminka ya hau ya tura tsakiyar fukafukan da hannu ɗaya. In bai motsa ba, ka yi da ni yadda ka ga dama.”

Ya dube ni, ya dubi rumfar. Sannan ya yi wa wani sajan alama. Na miƙa masa ɗamarata, ya ajiye bindiga ya hau. Yana kaiwa sama iskar gabas ta iso. Rumfar ta ɗaga ta faɗi gefe, tabarmi suka tashi, igiyata ta miƙe tana ƙara. Ko a ɗaure, kan injin ya girgiza har mu da ke ƙasa muka ji bugun nan da na ji ta sanda. Sajan ya rungume ƙarfe. Da iskar ta lafa ya sauko a hankali, ya ƙame a gaban Kumandan.

“Kumandan, ban ma tura ba. Da kansa yake motsi.”

Kumandan ya sa aka kwashe mutane zuwa gindin aduwar da ke bakin gari, can aka yi rabon hatsin. Na zaci an gama. Sai sajan ya nuna masa hannayensa, duk baƙin mai. Kumandan ya shinshina, ya cire tabarau.

“Wannan man shanu ne. Wa ya zuba man shanu a injin gwamnati?”

Wannan karon da Hausa ya yi tambayar, kowa ya ji. Arɗo ne ya taka gaba, ya sauke sandarsa.

“Man namu ne, ranka shi daɗe. Na rugage duka.”

“Da yardata aka sa,” in ji Maigari, da ƙyar.

“Ni na hau da shi,” Sale ya ce.

Na san in na yi shiru su ukun za a saka a mota. Na ce, “Kumandan, wata biyar ba mu kawo musu girisi ba, ni kuma wata biyar ban zo ba. Sun aika sau biyu. An gaya musu in inji ya mutu maigari zai amsa, ba wanda ya gaya musu abin da za su yi in ya yi kuka. Laifin daga wajenmu yake.”

Na san wanda ya faɗi maganar amsawar yana tsaye a gabana, shi ma ya sani. Ya mayar da tabaraunsa ya ce, “To, kai za ka amsa.”

Kwana uku na yi a wani ɗaki a Mayahi. Ba wanda ya taɓa ni, amma duk takun da na ji a bakin ƙofa sai na miƙe tsaye. A rana ta uku aka ba ni takarda da biro aka ce in rubuta abin da ya faru. Na rubuta yadda na faɗa. Washegari aka sake ni, aka haɗa ni da mota zuwa Maraɗi neman rulma. Shef ɗina bai yi mini magana ba har ya bar aiki.

Kwana tara injin ya yi a ɗaure. Garin ya koma tsohuwar rijiya mai zurfi, ana jan ruwa da jakuna, ana rabawa da ƙwarya. Ba mutumin da ya mutu. Shanu sun mutu, har da wata farar saniyar Arɗo da ya ce daga kakansa zuriyarta ta fito. Ranar da muka sauke kan injin da kura mai ɗaga nauyi, muna kwance ƙusa ta uku sai ta huɗu ta tsinke da kanta. Na kai wa Arɗo guntunta ya gani. Ya juya ta a tafinsa ya ce, “Na yarda, Malam. Amma saniyata ba ta dawowa.” Sai da aka yi damina biyu kafin ya sake amsa gaisuwata da fara'a.

Abin da na koya shi ne, sanda tana gaya maka abin da ƙarfe ke ciki, amma ba ta gaya maka abin da mutane suka yi masa saboda tsoro ko saboda ƙauna. Mutumin da aka yi wa barazana zai ɓoye maka ciwon inji, kuma da kyakkyawar niyya zai ɓoye. Daga ranar nan ban sake tambayar mai kula da inji a gaban maigari ko wani babba ba, sai mu biyu a bayan shato, littafina a aljihu. Kuma duk garin da na je sai na tara maza da mata na ce musu: in ya yi kuka, ku juya manibel ku aiko, ba wanda za a kama don inji ya yi kuka.

Yanzu hasumiyar Tudun Aduwa babu ita, farantai masu aiki da hasken rana ne a wurinta. Amma a sauran shekarun da injinan nan suka yi suna aiki, daga Kona har Mayahi, ba a ƙara rufe bakin ko ɗaya ba. In ya yi kuka, sai a tsayar da shi a aiko mini.